Rumfar Gora da Baƙin Mai

Gora ba ta mutuwa ranar da aka sare ta. Ko an kafa ta a ƙasa, ko an ɗora ta a sama, tana nan tana jin sanyi tana jin zafi, kuma ba ta da abokin gaba kamar rana. Da farko rana takan cinye mata launi, ruwan zumar nan ya koma toka-toka kamar kan tsoho. Daga nan sai 'yan tsage-tsage su fito, sirara, ko farce ba ya shiga. Wanda bai san gora ba zai wuce abinsa. Wanda ya san ta kuwa, daga ranar barcinsa ya ragu.

Mai Gora ya san ta. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Shi ya kafa rumfar da ke gaban gidan abincin Hajiya, a bakin babban titi. Ginshiƙanta masu kaurin cinya ne, a sama kuma an jera sirara kusa da kusa, inuwa tana saukowa kan tebura zane-zane. Masu motoci sukan tsaya don rumfar tun kafin su ji ƙamshin abincin. Da Hajiya ta ga haka, sai ta riƙe shi ya zama mai kula da rumfar da shingen gorar da ya kewaye wurin, ta kuma ba shi ɗakin da ke bayan kicin, kusa da tankin ruwa.

Ɗakin ba wani abin faɗa ba ne, gado ɗaya da tabarma sun cika shi. Amma a ƙasa yake, babu matakala, famfo yana bakin ƙofa, ga ƙaramin asibiti a tsallaken titi. A ciki Inna take kwance, mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta ɗaguwa sai da mutum biyu, kuma duk ɗagawa sai ta yi irin ƙarar da ke sa matarsa ta juya fuska bango tana share ido. Mai irin wannan majinyaciya ba ya raina ɗakin da famfo yake bakin ƙofarsa.

Shekarar farko rumfa ta zauna lafiya. A ta biyu, da zafi ya kankama, sai ta fara furfura.

Wata safiya Hajiya ta sauko daga mota, ba ta amsa gaisuwarsa ba, ta nufi ginshiƙin da ke kusa da ƙofa. Ta cusa makullin motarta cikin wata tsaga, makulli ya shige har rabi.

"Mai Gora."

"Ranki ya daɗe."

"Wannan fa? Taga ka buɗe mana?"

"Rana ce, Hajiya. Bana ta yi yawa."

"To in hau sama in rage ta? Jiya wata baƙuwa ta jingina a nan, gorarka ta kama mata mayafi ta yage. Ni na tsaya ina ba da haƙuri kamar 'yar aiki."

Ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu. "A taimaka a sayo man da ake shafa wa katako, farin nan mai shiga jiki. A rufe wurin na 'yan kwanaki, in kankare ta, in shafa, in bari ta sha, in sake shafawa. Haka ake yi mata."

"Bara ban sayo maka man ba? Ya ɓare kamar saɓar maciji."

"Bara sabuwa ce, bayanta da santsi, mai ba ya kama ta. Yanzu rana ta buɗe mata jiki, za ta sha."

"Bara ta yi ƙuruciya, bana ta tsufa. Yaushe ne za ta yi daidai?" Hajiya ta zare makullinta ta hure shi. "Ba na rufe wuri, kuma ba na sake zuba mai a kan sanda. Saurara da kyau. Mai walda ya ishe ni da zarya, ya ce ƙarfe zai kafa mini ya rufa kwano, in manta da shi. Ƙarfe ba ya neman mai jinya. Ranar Asabar ƙungiyar masu sayar da yadi za su yi taronsu a nan, sun kama wurin gaba ɗaya. Ina so su tarar da rumfa tana ƙyalli. In na sake jin gora ɗaya ta dare, ƙarfe zan sa. In na sa ƙarfe kuma, kai ka faɗa mini, me zan yi da mai gora? Mai gadi zan ba ɗakin."

Ta shige ciki. Ya daɗe a tsaye da hula a hannu kafin ya tuna da kansa ya mayar.

Ba zama ya yi ba, wannan kam ba za a ɗora masa ba. Ya roƙi tsofaffin buhunan albasa a kicin, ya jiƙa su, ya shimfiɗa a saman rumfa. Gorori suka ɗan samu sauƙi. Hajiya ta fito ta ɗaga kai ta ce, "Gidan abinci nake da shi ko juji?" Ya sauke. Ya karɓi tsohon man suya wajen mai girki ya shafa wa ginshiƙai biyu don gwaji. Kafin la'asar tururuwa ta yi musu baƙi, wurin yana ƙarnin kifi. Ya wanke da sabulu, wankin ya ƙara busar da su.

Da rana ta take, rumfar takan yi magana. Tas. Sai shiru. Can kuma wani gefen, tas. Masu cin abinci ba sa ji, cokula da hira sun rufe musu kunne. Shi kuwa ko yana bayan tanki yana ji, kuma kowace ƙara a ƙirjinsa take sauka.

Ranar Alhamis da yamma ya shiga ɗaki ya tarar da matarsa ta dawo, ƙafafunta buɗu-buɗu, ko mayafi ba ta cire ba. Yawon neman ɗaki ta je a ɓoye, kada Inna ta sani. Ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Malam, babu. Inda na samu, a saman bene ne. Inda yake a ƙasa, da sun ji akwai marar lafiya sai su ce an riga an kama."

Rumfa ta ce tas.

Inna ta motsa a kan gado. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Maganarta a karkace take fita, amma ana ganewa.

"Kai, wannan. Me ke ƙara?"

"Ba komai, Inna. Kwano ne a kicin."

"Ni za ka yi wa ƙarya? Mai gora na aura, mai gora na haifa." Ta huta, numfashinta yana fita da ƙyar. "In korar mu za a yi, ku bar ni a nan, a ja ƙofa. Kada a sake ɗaga ni. Na gaji da ɗagawa."

"Haba Inna, wace irin magana ce wannan," in ji matarsa, ta durƙusa tana gyara mata matashi.

Ana cikin haka sai ga sallamar Sifana. Ƙanin matar ne, bakanike, ba a taɓa ganinsa babu sifanar kwance noti a aljihun baya ba, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya gaida Inna a durƙushe, sannan ya fito ya zauna kan bokiti a bakin famfo.

"Mijin Yaya! An ce kana yi wa sanduna wanka da man suya. Saura gishiri da barkono a zauna a ci."

"Kai, Sifana, ba ka da ta ido?" in ji yayarsa daga ciki. "Mutane na cikin tashin hankali kana wasa."

"Ni da na zo da magani? Mijin Yaya, baƙin mai. Wanda muke juyewa daga inji. Ga shi can a gareji cikin durom, har roƙo muke a kwashe. Bencin da muke zama a kai tun ina koyon aiki da shi aka shafe shi. Gara ta zo ta sansana ta koma gida. Rana ta buge shi har ta gaji. Ga ƙyalli, kana ganin fuskarka a ciki, ko da yake taka ba abin gani ba ce."

"Benci katako ne," in ji Mai Gora. "Gora ciki gare ta."

"To ka toshe cikin mana! Me yake tsaga ta, ba bushewa ba? Ka liƙe bakin kowace da kwalta, ɗan danshin da ya rage ya zauna a ciki. Taya ma in ba ka toshe ba ai sacewa take yi."

A nan ne ya kamata Mai Gora ya tashi ya nuna masa hanya. Lokacin da ya kafa rumfar, da hannunsa ya ɗauki dogon rodi ya huda gaɓoɓin kowace gora daga wannan baki zuwa wancan, don iskar da ke ciki in ta yi zafi ta samu hanyar fita. Haka ya koya, haka ya yi duk tsawon rayuwarsa. Ya san dalilin ramin. Amma mutumin da ya kwana uku yana jin tas a ƙirjinsa ba da saninsa yake tunani ba, da tsoronsa yake yi. Ya dubi ƙofar ɗaki. Ya ji Inna tana tari. Maganar bakanike ta yi masa kama da hankali: bushewa ce ciwon, to a hana ta bushewa.

"Warin fa?" ya ce.

"Kafin gari ya waye ya tafi. Mu da muke kwana a cikinsa mun mutu?"

Ranar Juma'a bayan azahar Hajiya ta sallami masu ciniki don a wanke wurin saboda taro, ita kuma ta tafi kasuwa. Sifana ya iso da jarkoki a bayan babur da gwangwanin kwalta. Suka hura wuta a bayan tanki suka narka ta. Mai Gora ya hau tsani da tsumma, yana shafa baƙin mai gora bayan gora, busasshen jikinta yana shanyewa kamar mai ƙishirwa. Wannan ya kwantar masa da hankali. Furfurar ta ɓace, tsage-tsagen suka ɓuya.

Da aka zo liƙe bakuna, ya ɗebo kwalta a kan ɗan katako ya kai bakin gora ta farko, sai hannunsa ya tsaya. Ya kara kunne a ramin. Iska mai ɗumi tana fitowa a hankali, tana taɓa masa kunci.

"Mijin Yaya, gaisawa kuke yi?" in ji Sifana daga ƙasa. "Kwalta na daskarewa."

Ya liƙe. Ya wuce ta gaba. Abin da magariba ta hana su suka ƙarasa bayan sallar asuba, suka bi da busassun tsummoki suna gogewa har rumfa ta ɗauki ido.

Hajiya ta zo da hantsi ta tsaya a ƙofa, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Mai Gora, ashe kana da irin wannan ka tsaya kana ja mini rai? Kamar an kawo ta daga kanti. Me ka shafa?"

"Wani mai ne, ranki ya daɗe."

Ta ja hanci. "Ina jin ɗan wari kamar na gareji."

"Daga titi ne. Wata babbar mota ce ta tsaya ɗazu."

Ƙarya ta fita daga bakinsa sumul, shi kansa ya yi mamaki. Hajiya ta sa aka kunna turare a kusurwoyi, ta kuma sa mai girki ya zuba shinkafa da nama a kai wa Inna, abin da ba ta taɓa yi ba. Matar Mai Gora ta karɓa tana godiya har ƙasa. Ta dubi mijinta da fuskar da ya daɗe bai gani ba, shi kuma ya kasa haɗa ido da ita.

Masu sayar da yadi suka fara isowa. Mai sayar da yadi ba ya zuwa taro da kayan banza, jikinsa ne tallarsa. Farare ƙal, ruwan madara, shuɗi mai haske, guga har tana yanka. Kowa yana taɓa hannun rigar ɗan'uwansa yana murzawa da yatsa yana tambayar daga ina. Suka cika tebura. Sifana ma ya dawo, wai ya zo ganin aikinsa, amma kusa da ƙofar kicin ya tsaya.

Rana ta hau. Babu gajimare ko ƙyalle. Mai Gora yana tsaye a gefen shinge yana saurare, kuma abin da ya dame shi shi ne bai ji komai ba. Babu tas. Rumfa ta yi tsit kamar mai riƙe numfashi. Ya matsa ya ɗora tafin hannu a kan ginshiƙi, ya fizge da sauri. Kamar ya taɓa tukunya a kan wuta. Baƙin abu yana shan rana, wannan ko yaro mai yawo ba takalmi a kan kwalta ya sani, amma shi sai a lokacin ya tuna.

Ya ruga ya ɗauko tsani da wuƙa.

A ciki shugaban ƙungiya ya miƙe zai yi jawabi. Ya gyara babbar rigarsa, ya yi gyaran murya, sai wani abu ya ɗiga masa a kafaɗa. Ya zaci tsuntsu ne. Ya sa yatsa ya share, baƙin layi ya bi farin yadi har ƙirji. Wani ya yi dariya, dariyar ba ta ƙare ba ɗigo ya sauka a hularsa. Sai a cikin shinkafa. Sai a mayafin wata. Man da gora ta sha jiya zafi yana matso shi waje, rumfa gaba ɗaya tana gumi baƙi.

Mai Gora yana saman tsani a bayan rumfa. Ya caka wuƙa a bakin gora ta farko, kwaltar ta yi laushi, iska ta fito da huci ta watsa masa zafaffen baƙi a fuska. Bai tsaya sharewa ba. Ya caka ta biyu, ya caka ta uku. Ya dubi layin da ya rage, bakuna a jere har ƙarshen rumfa, kowanne shi ya liƙe shi da hannunsa, kuma ya liƙe shi da kyau.

"Ya Allah, ka ba ni lokaci," ya ce. "Kaɗan kawai."

Ta tsakiya ce ta fara. Ba tas ta ce ba. Ƙara ta yi kamar an harba bindiga a cikin ɗaki, ta dare tun daga wannan baki har wancan. Kafin mutane su gane, ta kusa da ita ta amsa.

"Harbi!" in ji wani. "'Yan fashi!"

Wuri ya kacame. Tebura suka kife, kwalabe suka farfashe, manyan mutane suna rarrafe a ƙarƙashin kujeru da rigunansu na alfarma. Wata mata tana kiran sunan Allah tana jan ƙawarta da ɗankwali. Hajiya tana tsakiya tana ɗaga hannu tana cewa a tsaya, ba mai jin ta.

Sifana ya ga hayaƙi-hayaƙi yana tashi daga saman rumfa. Bakanike ne, abin da ya sani shi ne in inji ya yi zafi a ba shi ruwa. Ya fizgo tiyo daga famfo ya buɗe har ƙarshe.

"Kada!" in ji Mai Gora daga sama. "Sifana, kada ka zuba!"

Ruwan sanyi ya sauka kan gora mai zafi. Waɗanda suka yi haƙuri da rana ba su yi haƙuri da wannan ba. Suka riƙa fashewa a jere, ɗaya tana bin ɗaya, tsinke yana tashi. Babbar gorar da ta ɗauki nauyin tsakiyar rufin ta buɗe biyu, ta fara lanƙwasowa ƙasa a hankali tana kuka.

A ƙarƙashinta akwai wani tsoho daga cikin 'yan ƙungiyar, sandarsa ta faɗi nesa, yana ta ƙoƙarin tashi daga kujera ya kasa. Mai Gora bai san yadda ya sauko daga tsani ba. Ya shiga ƙarƙashi ya tara kafaɗa. Nauyin ya danna shi har gwiwoyinsa suka lanƙwashe, zafin ya ratsa riga ya kama fata. Ya ji ƙaurin jikinsa.

"Ku fitar da shi! Ku ja shi!"

Sifana ya yar da tiyo ya sungumi tsohon kamar buhu ya yi waje. Mai Gora ya zame gefe, rabin rufin ya zauna kan tebura.

Da ƙarar ta lafa sai aka ji wata, siririya, daga bayan kicin. Inna ce. Ta ji harbi, ta yunƙura za ta tashi da rabin jikin da ke motsi, ta zamo daga gado. Matar Mai Gora ta kwanta a kanta ta rufe ta da jikinta, tana cewa, "Ba komai, Inna, ba komai," ita ma tana kuka. Dole Mai Gora da Sifana suka ɗaga ta suka mayar kan gado. Duk wanda yake wurin ya ji wannan ɗagawar.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye. Masu yadi suka shiga motocinsu da baƙaƙen ɗigo a jiki, wasu suna zagi, wasu ko kallon Hajiya ba su yi ba, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Da wuri ya watse, ta jawo kujerar da ta rage a tsaye ta zauna a tsakiyar ɓarnar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Daga titi ne, ko? Babbar mota."

Mai Gora ya durƙusa. Rigarsa ta manne da ƙunar kafaɗarsa, fuskarsa ɗige-ɗige da kwalta. Ya sunkuyar da kai.

Matar ta fito ba takalmi ta zube a gaban Hajiya ta kama gefen zanenta.

"Hajiya, ki dubi Allah ki dubi tsohuwar nan. Mu ki kore mu, mu kwana a titi. Ita ina za mu kai ta?"

"Ni wa ya dube ni?" in ji Hajiya. "Sunan da na daɗe ina ginawa, kafin magariba ya gama zaga kasuwa." Ta janye zanenta, amma a hankali. Daga ɗaki ana jin nishin Inna. Hajiya ta juya kai wajen, sannan ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Ba zan fitar da marar lafiya yau ba, ina tsoron Allah. Shi ya kafa ƙazantarsa, shi zai sauke ta, ba na so wani ya ɓata hannunsa. Ranar da gora ta ƙarshe ta taɓa ƙasa, a kawo mini makullin ɗaki."

Washegari da sassafe mai walda ya iso da abin awonsa, ya zagaya ya auna, sannan ya koma ya zauna a kan babur ɗinsa yana jira a ba shi fili. Sifana ma ya zo, ba wasa a bakinsa, idanunsa jajur. Ya kawo zarto da adda.

"Mijin Yaya, ni na jawo. Bari in rage maka. Da wannan kafin la'asar mun kwantar da ita duka."

Ya ɗaga adda zai sare igiyar da ta ɗaure gorar farko da ginshiƙi. Babu ƙusa a rumfar, duk ɗaurin igiya ne, ƙulli a kan ƙulli, ba su ƙirguwa. Mai Gora ya cafke masa wuyan hannu.

"Ajiye."

"Igiyar ta ƙone fa, ta sha mai. Me za ka yi da ita?"

"Na ce ka ajiye. Kwancewa zan yi."

"Ɗaya-ɗaya? Da wannan kafaɗar?"

Matar tana bakin famfo da kwanon wanke-wanke. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙulle-ƙullen da suka bi rumfa har ƙarshe, ta dubi ƙofar ɗaki. Ta ajiye kwanon ta ɗauraye hannu ta ja mayafi.

"Sifana, ajiye addar nan. Zo ka kai ni a babur. An ce akwai wasu ɗakuna a bayan tashar mota, ban je can ba tukuna."

Suka tafi. Mai Gora ya jingina tsani ya hau, kowane taki yana ja masa ƙunar. Kwalta da mai sun daskare a kan igiya, ta yi tauri kamar waya. Ya sa farce yana tsinka, yana ɓanɓarewa kaɗan-kaɗan.

"Baba," in ji mai walda daga ƙasa, "a haka ai sai damina. In ara maka wuƙa?"

Ya ci gaba da tsinka. Hannun da ya saba ba ya mantuwa, ko mai shi ya so ya manta. Tun rana ba ta yi zafi ba ƙullin farko ya saki, da wuri ƙwarai, fiye da yadda ya so. Ya tsaya riƙe da bakin igiya. Ya dubi titi, ta inda babur ya bi, babu alamar kowa. Ya dubi ƙasa, mai walda ya sunkuya yana latsa waya.

Mutumin da bai taɓa jan aiki da gangan ba ya mayar da bakin igiyar cikin ƙullin, ya ja ya tsuke, ya sake sa farce.